Dodon da Arlys Ta Ɗinka da Tsofaffin Kujerunmu

A garinmu Ruska babu wanda ya san asirin gidajen mutane kamar Arlys Niemela. Fasto abin da aka ga dama aka faɗa masa kaɗai yake ji. Ita kuwa kujeru take farkewa. Shekara arba'in da wani abu tana gyaran kushin a garejin bayan gidanta, kuma duk abin da ya zurma tsakanin soso da katako a falon mutum, a hannunta yake ƙarewa: haƙoran roba, kwalbar da miji ya ɓoye wa matarsa, hoton wata da ba matar gidan ba. Sai ta zuba a leda ta ɗaure, ta miƙa wa mai kujera tare da kujerarsa, ba ta ce uffan ba. Da ni ce ke wannan sana'ar, da garin nan ya watse tun tuni.

Ni ce Bernice, mai sayar da gugguru a silimar garin. Benci ɗaya muka zauna da Arlys a firamare, kuma tun lokacin ni ke magana ita ke aiki. Ubanta a ramin haƙar ƙarfe ya ƙare rayuwarsa, kamar uban kowa a nan. Ta auri Ray, mutumin kirki mai son kamun kifi fiye da son gida, ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu da jirgin ruwa mai yoyo. Da kujerun motocin da ke kai ma'aikata ramin ta fara, a kan tsohon keken ɗinkin uwarta. Da aka rufe ramin, sai ta koma kan kujerun gidaje, don mazan da suka rasa aiki zama suka yi ta yi har kujerun suka lotsa.

Tana da hali guda da muke yi mata tsiya a kai. Ba ta yar da tsohon yadi. In ta ɓare wa kujera fata, sai ta wanke, ta naɗe, ta jera a saman gareji. Na sha ce mata, "Ke Arlys, in kin mutu a ciki za mu naɗe ki, ko me?"

Sai ta ce, "Ke dai ba zai ishe ki ba."

Maganarta ke nan ta yini guda.

A kakar da nake ba ku labari, yatsunta sun riga sun kanannaɗe da ciwon gaɓoɓi, ta kuma faɗa wa kowa cewa in sanyi ya wuce za ta rufe garejin. A daidai nan Tessa Rautio ta dawo. Yarinyar a hannunmu ta girma, ni na sha kama ta tana satar shiga fim ta ƙofar baya. Ta je birnin Minneapolis ta koyi harkar fim, ta dawo da kyamara ɗaya, da abokai biyu masu gemu, da aljihu fayau. Wai fim za ta yi na yara da iyayensu. Wa da ƙanwa ne karensu ya ɓace, suka bi sawunsa cikin tsohon ramin haƙar ƙarfe, suka tarar da wani dodo mai fikafikai wanda ya sace bazara ya ɓoye a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa dusar ƙanƙara ta ƙi narkewa. Ba don mugunta ya sace ba, sanyi yake ji. Da na ji haka na ce, ai wannan dodon ɗan garinmu ne.

Tun da babu kuɗin ɗauko 'yan wasa, mu aka kwasa. Gordon, likitan haƙori, ya zama sarkin ƙarƙashin ƙasa, sanye da rigar wankan matarsa Phyllis. Karen mai gidan mai ya zama kare, shi kaɗai ne aka ba aikin da ya iya. Saura dodo. Tessa ta je garejin Arlys da zane a takarda, tana ta kame-kame.

"Misis Niemela, na san ba irin aikinki ba ne..."

Arlys ta karɓi zanen ta juya shi sama da ƙasa. Ta ce, "Mutum nawa za su shiga ciki?"

"Uku."

"Masu ƙiba?"

"'Yan kwana-kwana ne."

"Masu ƙiba ke nan. Dawo bayan Kirsimeti."

Duk sanyin nan a garejin ta yi shi. Na kan kai mata gahawa da rana, in same ta da ƙusoshi a baki, tana lanƙwasa ƙarafan cikin kujera tana yin haƙarƙari. Ta sauko da naɗe-naɗen yadin nan kaf, ta yayyanka su ɓawo-ɓawo kamar na kifi, ta ɗinka ɗaya bisa ɗaya. In yatsun suka ƙi, sai ta tsoma su a ruwan zafi ta jira, ta koma. Wata rana na ce mata, "Wai ke nawa yarinyar nan za ta ba ki da kike neman kashe kanki?"

Ta zare ƙusa daga baki ta ce, "Bernice, tun da na fara aiki, duk abin da na ɗinka baya ake juya masa a zauna a kai. Wannan fuska za a juyo masa."

Ban sake yi mata tsiyar ba. To, a ranar dai.

Aka ɗauki fim, aka gama, Tessa ta tafi birni haɗa shi. Bayan ƙanƙarar tafkin garinmu ta narke, sai ta dawo, fuskarta ba daɗi. Ta same mu a shagon gahawa na titin Elm, ni da Arlys, ta zauna ta faɗi gaskiya, don yarinyar ba ta iya ƙarya ba. Wani kamfani ya yarda zai kai fim ɗin gidajen silima na wasu jihohi, amma sun ce dodon ya yi kama da tulin wanki. Suna so a shafe shi, a zana wani da kwamfuta a gurbinsa.

Tessa ta ce, "Ban amsa musu ba. Na ce sai na nuna wa mutane tukuna. Ran Asabar da rana za mu haska shi a nan. In aka yi wa dodon dariya, Misis Niemela, ba ni da bakin kare shi. Zan bari su cire."

Arlys ta kurɓi gahawa ta ce, "Daidai ne."

Abin da ba mu lura ba, Duane Heikkila yana teburin bayanmu. Duane tsohon shugaban ƙungiyar ma'aikatan rami ne, kuma tun da aka rufe ramin yake neman abin da zai shirya wa yajin aiki. Kafin Alhamis ya zaga coci biyu, da gidan mai, da gidan tsofaffi. Saƙon guda ne: ran Asabar ba wanda zai yi dariya. Wata ta tambaye shi a ina dodon yake fitowa, don mu san wurin da za mu kame. Duane ya ce shi ma bai sani ba, saboda haka a kame tun daga farko, kada a yi kuskure. Iyaye suka ja wa yara kunne, har da masu alkawarin askirim ga duk wanda ya fito bai buɗe haƙora ba.

Ku fahimce ni, a wani gari wannan shiri ba zai yi minti biyar ba. Amma mu jikokin mutanen Finland ne. Mazanmu kan zauna a ɗakin wankan tururi tsirara, kafaɗa da kafaɗa, har gumi ya ƙare, ba wanda ya ce wa wani sannu. Shiru ba wahala ba ne a wurinmu. Cewa aka yi mu yi abin da muka fi iyawa, kuma don Arlys.

Ran Asabar silimar ta cika har matakala. Ni ina tsaye a ƙofar baya inda nake tsayawa kullum, Tessa na kujerar ƙarshe kusa da ni, Arlys na tsakiya da rigarta ta zuwa coci. Curtis mai haska fim ya kashe fitila.

To, fim ɗin akwai ban dariya, wallahi akwai. Tun farko kare ya saci tsiren alade daga kan murhu ya ruga, uban yaran ya bi shi da silifa ya zube cikin dusar ƙanƙara har wuya. Shiru. Sai ƙarar tauna gugguru. Kakar yaran ta shiga mota ta ja baya ta kwashe akwatin wasiƙun maƙwabci, ta leƙo ta ce masa shi ya matso da shi hanya. Shiru. Na hango matar fasto ta cusa gyale a baki, kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba. Likitan haƙori ya bayyana a kan karagar mulki da rigar wanka mai ruwan hoda, gwiwoyinsa farare kamar dafaffen dankali. Wani yaro ya ce "kih", uwarsa ta maƙure masa hannu.

Na juya na dubi Tessa. Ta zame a kujera har ta kusa ɓacewa, tana tauna igiyar rigarta. Ta raɗa mini, "Misis Bernice, haka ya lalace? Ko wuri ɗaya ba a yi dariya ba?"

Kafin in samo abin faɗa, sai na ga inuwar mutum ta miƙe a tsakiyar silima, ta tare rabin fuskar likitan haƙori. Arlys ce. Ta juyo ta ɗaga kai wajen tagar mai haska fim.

"Curtis! Tsayar da abin nan. Kunna wuta."

Ban taɓa jin muryarta da ƙarfi haka ba, ko ranar da aka binne Ray. Aka kunna fitilu. Ta bi mutane da kallo layi-layi, kowa na sunkuyar da kai kamar 'yan makaranta.

"Wa ya mutu?"

Shiru.

"Na ce wa ya mutu? Na ga Gordon da rigar wankan Phyllis, gwiwa a waje, kuma ba wanda ya yi dariya. Duane, aikinka ne wannan?"

Duane ya miƙe yana murza hula. "Arlys, don ke muka yi. Mun ji an ce in aka yi dariya..."

"In aka yi wa dodo dariya. Ka ga dodo tukuna?"

"A'a, amma..."

"Zauna. Kai ko yajin aikin gaske haka ka yi mana, ka rufe ƙofar da ba ita ba."

Wani ya yi tari. Arlys ta nuna bayan silima da karkataccen yatsanta.

"Ku juya ku dubi yarinyar can. Shekara biyu tana wannan aiki, ta tara ku don ta ji gaskiya, kun zo kun zauna mata kamar itacen wuta. Ni ban aiki kowa ya yi mini ƙarya ba. In dodona abin dariya ne, ku yi, a cire shi, in tafi gida. Kujerar da ƙafarta ta karye ba na rufe ta da sabon yadi in ce ta gyaru. Curtis, mayar da shi farko."

Ta zauna ta gyara jakarta a cinya. Ni na san abin da dodon nan yake a wurinta. Garin gaba ɗaya ya miƙa mata abin da take so a kan faranti, ta ture.

Aka soma daga farko. Jama'a, dariyar da aka danne ta fi ta kullum ƙarfi. Kare bai ma kai ga murhu ba aka fara. Da uban ya faɗa dusar ƙanƙara, wani tsoho ya shaƙe da gugguru sai da aka bubbuga masa baya. Da Gordon ya fito, Phyllis da kanta ta miƙe ta ce, "Kuma bai wanke ta ba ya dawo mini da ita!" Tessa ta tashi zaune sosai, ta saki igiyar rigar.

Sannan yaran fim suka gangara can ƙasan rami, da 'yar tocila, sauti ya yi ƙasa. Wani abu ya motsa a cikin duhu. Ido ya buɗe, rawaya, girman faranti. Dodon ya ɗago kai a hankali, ya miƙe wuya, ya buɗe fiffike ɗaya, hasken tocilar ya bi ta kan ɓawon jikinsa, kore da ruwan ƙasa da ja da ruwan ɗorawa.

Na ja numfashi na riƙe.

Sai muryar Duane, shi da ya shirya shirun, ta fito daga tsakiya: "Kai! Wannan ai kujerata ce!"

Shi ke nan. Silima ta fashe.

"Ga labulen... a'a, ga doguwar kujerar Mama a wuyansa, mai furannin nan!"

"Karammiskin can na ofishin banki ne, na rantse!"

"Lorraine, dubi cikinsa, ga inda kika zubar da jar giya ran bikinmu!"

"Ba ni ba ce, uwarka ce!"

Kowa ya miƙe yana nuna allo, ana neman falon gida a jikin dodo. Wani ya gano kujerar da aka yi zawarcinsa a kai. Wata ta ce ga kujerar da mijinta ya shekara goma yana minshari, Allah ya sa dodon ya fi shi amfani. Ana dariya har da buga ƙafa. Na hangi ƙeyar Arlys, a miƙe, ba ta motsa ba. Tessa kuwa ta rufe fuska da hannu biyu. Abin da aka ce in ya faru za a cire dodon, ga shi yana faruwa, da ƙarfin da ya ishi a ji a wancan gefen tafki.

A cikin fim ɗin, dodon ya ja jiki zai kare tukunyar da ya ɓoye bazara a ciki, dutse ya rufto ya danne masa fiffike. Ya kwanta, haƙarƙarinsa na hawa da sauka, yana rawar sanyi. Manya ba su ma lura ba, ana can ana gardamar ko wutsiyar daga gidan Lahti ta fito ko daga ɗakin jiran asibiti.

Sai wata 'yar ƙaramar yarinya a layin gaba, Josie, jikar mai gidan mai, wadda ba ta wuce shekara shida ba, ta hau kan kujerarta ta juyo. Fuskarta sharkaf da hawaye.

"Ku yi shiru mana! Ba ku ga ciwo yake ji ba?"

Sai a lokacin muka dubi layukan gaba, inda yara suke. Ba ɗayansu da ke dariya. Su ba su san kujerar kowa ba, an canza wa kujerun fata tun ba a haife su ba. Biyu sun shige ƙarƙashin kujera suna leƙe. Wani ya ƙanƙame wuyan yayarsa. Wani ɗan ƙato mai shekara goma yana share hanci da hannun riga, yana harare-harare kada a gan shi.

Manya suka zauna ɗaya bayan ɗaya. Wannan shirun ba irin na ɗazu ba ne, ni da na shekara da shekaru ina tsaye a bayan 'yan kallo na san bambancin. Ƙanwar cikin fim ta cire rigar sanyinta ta rufa wa dodon a hanci, 'yar riga kamar hankici a kan wannan ƙaton kai. Ya lumshe ido. Arlys ta sa masa fatar ido ta siliki mai laushi, har da 'yar tattara a gefe irin ta tsofaffi. Duane ya fyace hanci da ƙarar da ta firgita na kusa da shi.

Da aka gama ba a yi tafi sosai ba, mu ba mu iya ba. Amma ba wanda ya tashi sai da sunayen waɗanda suka yi fim ɗin suka gama wucewa a allo, kuma da na Arlys ya fito, wani ya buga ƙafa a ƙasa, saura suka bi.

A zauren waje, gaban teburina, Tessa ta zo ta tsaya a gaban Arlys. Mutane suka yi kamar suna neman rigunansu, kunnuwa a miƙe.

Arlys ce ta fara. "An yi dariya. Na ji da kunnena. Kira mutanenki."

"Zan kira su."

"To."

"Zan ce musu dodon yana nan. In ba sa so, su bar mini fim ɗina, in zaga da shi gari-gari a bayan mota."

Arlys ta tsuke baki. "Yarinya, kada ki yi don tausayi. Na tsani a ji tausayina."

"Misis Niemela, kujerunsu suka yi wa dariya. A can jihar Ohio ba wanda ya san falon Duane. Ni don layin gaba na yi fim ɗin, kuma kin ji abin da layin gaba ya ce."

Arlys ta daɗe tana kallonta. Na matso zan rungume ta, ta ɗaga mini hannu.

"Ke Bernice, duk jikinki man gugguru ne, rigar coci ce wannan." Ta juya ga Tessa. "Yanzu ina kuka ajiye shi?"

"Yana rumfar bayan ofishin 'yan kwana-kwana."

"Rumfar da ke yoyo? Karammiski a ƙarƙashin yoyo?" Ta rataya jaka a kafaɗa, ta leƙa cikin taron. "Duane! Tunda kana son shirya mutane, nemo maza huɗu da a-kori-kura. Kafin hadarin can ya sauko nake so in gan shi a garejina. Kuma ta ƙarƙashin ciki za ku ɗauka, wanda ya ja mini shi ta wuya sai ya gane kurensa."

Duane ya sa hula ya fita da sauri, yana ƙwala wa mutane kira da sunayensu.